Ba kowane mai kasawa a wurin aiki ne rago ba

Shekaranjiya a majalisarmu bayan isha'i wani Alhaji mai shago a kasuwar Kwari ta Kano yake ba da labarin yaron shagonsa da aka kwantar a asibiti, wai jininsa ne ya hau, yaron da ko talatin bai cika ba. Ciwo kam na Allah ne, ba wanda ya fi ƙarfinsa. Abin da ya tsaya min a rai yadda ya rufe maganar ne, ya ce "ai shi dama raki gare shi, ga ɗan'uwansa can aiki ɗaya suke yi, ko ciwon kai bai taɓa cewa yana yi ba." Aka ɗan yi dariya, aka koma hirar ƙwallo.

Ni dai ban yi dariyar ba, kuma bari in faɗi matsayata tun yanzu kada in ja ku da nisa. Alhajin yana da gaskiya a rabin maganarsa, hali yana da tasiri sosai a kan yadda aiki yake cin mutum, mutum biyu za su yi aiki ɗaya a ƙarƙashin oga ɗaya, ɗaya ya koma gida ya ci tuwo ya yi minshari, ɗaya ya kwana yana juyi a katifa yana lissafin abin da aka ce masa da rana. Inda na rabu da shi wuri biyu ne. Na farko, wanda yake fara karyewa sau da yawa ba shi ne ragon ba, shi ne wanda ya fi ɗaukar aikin da zafi. Na biyu, bambancin hali ba lasisi ba ne ga maigida ya ɗora wa kowa abin da ya ga dama, wanda ya faɗi a ce laifin halinsa ne.

Wane hali ne aiki ya fi ci?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna karkasa hali zuwa manyan rassa biyar: saurin damuwa, tsari da riƙon aiki, son shiga jama'a, sauƙin hali da son zaman lafiya, sai son sabon abu. Kowa yana da ɗan rabonsa a kowanne, wani da yawa wani kaɗan. A cikin biyar ɗin, wanda bincike ya fi nuna yana tafiya tare da ƙonewar mutum a wurin aiki, wato aiki ya cinye masa ƙarfi da kuzari, shi ne na farko, saurin damuwa.

Kun san irin mutumin. Oga ya turo saƙo a WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kalma huɗu kacal, "ka same ni gobe". Wani zai duba ya ce Allah ya kai mu, ya kife wayar. Shi kuwa wannan shike nan an gama da darensa, zai fara tuno duk abin da ya yi tun daga Litinin, ko rasit ɗin nan ne da bai sa hannu ba, ko kwastoman nan ne da suka yi sa-in-sa ya kai ƙara, ko wani ne ya kai gulmarsa, zai buɗe saƙon ya fi a ƙirga yana duba ko akwai alamar fushi a ciki, ya yi asuba da ciwon kai, ya je ofis cikinsa na kaɗawa, ƙarshe oga ya ce masa dama makullin sito yake nema. An gama magana a minti ɗaya amma jikinsa ya riga ya biya kuɗin kwana guda, zuciya ta yi ta bugu, barci ya tafi, abinci bai shiga ba. In hakan na faruwa sau ɗaya a shekara ba komai. In kullum ne fa?

Kuma ba shi ya zaɓa wa kansa haka ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane daga gado yake, sauran kuma tarbiyya da abin da mutum ya gamu da shi a rayuwa. Duk uwar da ta haifi 'ya'ya da yawa ta san wannan ba sai an karanta mata ba, tun suna goye take gane wanda ƙarar kwano ke firgitarwa da wanda ko ganga aka buga a kansa ba zai farka ba.

Sai mai zafin rai. A shekarun 1950 wasu likitocin zuciya biyu a Amurka, Meyer Friedman da Ray Rosenman, suka lura yawancin masu zuwa wurinsu irin mutanen nan ne masu gaggawa, masu gasa da kowa, waɗanda ba sa iya jiran layi, suka sa musu suna rukunin A, suka ce su ne ciwon zuciya ya fi kamawa. Maganar ta yi tashe sosai. Da aka ci gaba da bincike sai aka ga ba duk kayan da ke cikin buhun ne ke da illa ba, gaggawa da son cin nasara ba su ne matsalar ba sosai, ɓangaren da ya fi alaƙa da ciwon zuciya shi ne yawan fushi da ganin kowa a matsayin abokin gaba. Ku tsaya a shataletalen Ɗangi ko Ƙofar Nasarawa da yamma ku kalli direbobin adaidaita sahu biyu a cunkoso guda, duka ana jiransu da balans, duka mai ya yi musu tsada. Ɗaya ya kashe inji yana hira da fasinja, ɗaya kuwa hon yake dannawa yana zagin na gabansa da na bayansa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Cunkoson ba zai buɗe don shi ba, amma jininsa ya hau ya sauka sau nawa kafin magariba?

Wanda ba a magana a kansa

Waɗancan biyun kowa ya san su. Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne na uku, don shi ne ya fi yawa a garin nan kuma shi ne muke yabo har mu kashe shi.

Mai kara. Mai kunya. Wanda bakinsa bai iya furta "ba zan iya ba". A kowane shago da kowane ofis akwai shi. Shi ne yake buɗewa da safe don shi aka yarda a ba wa makulli, shi ne yake rufewa don shi ne ba zai bar lissafi bai daidaita ba, shi ake aika banki da kuɗi, shi ake kira ranar hutu in kaya sun iso daga Legas, shi ne kuma in Hajiya tana son a kai yara Islamiyya ko a sayo gas za a ce a kira shi, ai shi ba ya musu. Ɗan'uwansa da ake cewa aiki ɗaya suke yi, ƙarfe biyar ta yi ya ce yana da uzuri, an san halinsa, an ma daina tambayarsa. To ina aiki ɗaya a nan? Sunan aikin ne ɗaya. Jakin da ya fi tafiya shi ake ƙara wa mangala, ranar da ya durƙushe kuma a ce dama ba shi da ƙwari.

Wani zai ce ai binciken ma ya nuna mai tsari da mai sauƙin hali sun fi jure aiki. Haka ne, a dunƙule haka aka samu, mai tsari ba ya tara aiki ya rufto masa, mai sauƙin hali kuma yana da abokan da za su taya shi. Amma wannan a inda aiki ke da iyaka ne, an rubuta maka abin da za ka yi, an rubuta lokacin tashi. A wurin da aikinka shi ne duk abin da maigida ya tuna, halin kirkin nan shi ne ƙofar da ake shigo maka da kaya ta ciki. Wani masani a Jamus, Johannes Siegrist, ya yi bayani a 1996 cewa abin da ke cin ma'aikaci shi ne ya zuba ƙoƙari mai yawa a mayar masa da kaɗan, ko kuɗi ko girmamawa ko tabbacin ba za a kore shi gobe ba, ya kuma ƙara da cewa akwai masu halin zurfafawa a aiki fiye da kima, waɗanda ba sa iya ajiye shi ko sun koma gida, kuma su abin ya fi yi wa illa. In ka karanta bayanin sai ka rantse yaron shago ya zauna da shi.

Ga kuma tarbiyyarmu ta ƙara masa nauyi. An koya mana babba ba a yi masa musu, wanda ya ɗauke ka aiki ya yi maka alfarma, balle in ɗan'uwan babanka ne ko surukin yayarka, wanda a Kano yawanci haka abin yake. Ta ina za ka fara cewa kawu aikin ya yi min yawa? Kafin ka isa gida labari ya riga ka, an ce ka yi butulci. Sai mutum ya haɗiye, ya yi ta haɗiyewa, ana cewa kai wane akwai haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, ban isa in ce ba haka ba. Amma akwai wanda ya haƙura abin ya wuce a zuciyarsa, akwai kuma wanda shiru kawai ya yi abin yana nan yana dafa shi, mu kuma daga waje duka sunansu ɗaya muke ba su.

Mata ma'aikata kuwa nasu ya ninka. Malamar makarantar kuɗi mai aji cike da yara, ko nas da ta fito daga dutin dare, tana isa gida wani aikin ne ke jiranta, in kuma mai kara ce to a makaranta ita ce mai rubuta sakamakon ajin wata, a gida ita ce mai girkin sunan maƙwabta.

"Iyayenmu sun yi wanda ya fi wannan"

Wannan ita ce amsar farko da za a ba ka, cewa duk wannan surutun na 'yan boko ne, kakanninmu sun yi noma da fatauci a ƙasa har Gwanja ba su san wata damuwa ba.

Sun sha wahala kam, wahalar da mu ba za mu iya rabinta ba. Amma wahalar jiki daban, matsin rai daban. Manomi zai wuni a gona rana na dukansa, amma shi ke yanke lokacin da zai zauna gindin bishiya, shi ke yanke kunyar da zai fara da wadda zai bari sai gobe, ba wanda ke tsaye a kansa da agogo, in ya dawo gida kuma gonar ba ta biyo shi a aljihu. Wani masani, Robert Karasek, ya faɗi wannan tun 1979: aikin da ya fi cutarwa shi ne wanda ake buƙatar abu mai yawa daga gare ka amma ba ka da ta cewa a yadda za ka yi shi.

A Ingila an bi ma'aikatan gwamnati na Landan shekara da shekaru, an fara a 1967 da maza wajen 18,000. Kowa ya ɗauka manyan da ke saman bene su ciwon zuciya zai fi kashewa tunda su ke ɗauke da nauyin yanke hukunci. Sai aka ga akasin haka, na ƙasa, masinjoji da masu tsaron ƙofa, yawan mutuwarsu ya ninka na manyan kusan sau uku, kuma shan taba da makamantansa bai isa ya bayyana duka tazarar ba. Zagaye na biyu da Michael Marmot ya jagoranta daga 1985, da mutum sama da 10,000 maza da mata, ya nuna rashin iko a kan aikinka yana cikin abubuwan da ke tafiya da ciwon zuciyar. Ba wanda zai ce duk masinjojin Landan raki gare su. Matsayinsu ne ya ci su.

Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, sanda layi ya cika bankuna tun asuba. Ku ɗauki yarinyar da ke zaune a bayan kanta, ba ita ta kawo tsarin ba, ba ita ke yanke nawa za a ba kowa ba, amma ita ce fuskar da ake zagi, ta tashi kuma sai lissafinta ya daidaita, in an samu giɓin dubu biyar daga aljihunta zai fita, yawancinsu ma 'yan kwantiragi ne da za a iya sallama da saƙon waya. A irin wannan yanayin ko mai sanyin ran duniya ne sai ya ji a jikinsa. Hali yana nuna wa zai fara faɗuwa ne kawai, in aka daɗe a haka layi ne kowa zai zo kansa.

Su ma na dā ɗin, wa ya ce ba sa karyewa? Ana dai cewa wane ya yanke jiki ya faɗi, ko ɓarin jikinsa ya mutu, ko an yi masa sammu, ba wanda ya auna jininsa balle a san me ya faru.

"Ƙarancin tawakkali ne"

Wannan ta fi ciwo don da addini ake dukan mutum, ga damuwar aiki ga kuma an sa masa shakku a kan imaninsa. Ba na musun cewa salla da zikiri da yarda da ƙaddara suna sanyaya zuciya, duk wanda ya gwada ya sani. Amma addinin da kansa ya yarda mutane ba ɗaya aka halicce su ba. Hadisi ya zo cewa an halicci Annabi Adamu daga damƙar ƙasa da aka ɗebo daga ko'ina a doron ƙasa, sai 'ya'yansa suka zo kamar yadda ƙasar take, a ciki akwai mai laushi akwai mai tsauri.

Ga Abu Zarri, Allah ya ƙara masa yarda, wa zai ce masa mai raunin imani? Amma a Sahihu Muslim Manzon Allah (SAW) ya ce masa yana ganinsa mai rauni, kada ya shugabanci ko mutum biyu, kada kuma ya riƙe dukiyar maraya. Ba a ce masa ya je ya ƙara imani ya dawo ba, an duba yanayinsa ne aka ce wannan aikin ba naka ba ne, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Shi ɗin dai ne ya ruwaito hadisin da ke Bukhari da Muslim a kan waɗanda ke ƙarƙashinmu, cewa kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora musu to a taimaka musu. Abin mamaki masu saurin ce wa yaro ba shi da tawakkali ba su cika kawo wannan hadisin ba.

"To hali ai zanen dutse ne, me za a yi?"

Karin maganar tana da gaskiya amma ba duka ba. Mai saurin damuwa ba zai wayi gari ya zama wanda ba ruwansa ba, amma an bi mutane tsawon shekaru an ga yawanci damuwar na raguwa da girma, tsari da sauƙin hali na ƙaruwa. Ku duba abokanku da kuka yi sakandare tare za ku gani. Abin da ya fi wannan ma, ko halin bai canja ba, abin da mutum ke yi da shi yana canjawa, kuma a nan ne ma'aikacin shi ma yake da nasa rabon, don kada a ce na zo ina wanke kowa.

Akwai mutanen da duk inda suka je da damuwarsu suke tafe, ya bar shago uku kowanne ya ce maigidan azzalumi ne, irin wannan ya kamata ya zauna ya tambayi kansa. Mai kwana da saƙon oga ya koyi kira ko tambaya a take, "ranka ya daɗe lafiya dai?", minti ɗaya ya saya masa barcin dare. Mai kara ba sai ya yi rashin kunya ba, akwai yadda ake cewa "Alhaji yanzu ina kan lissafin jiya, in bar shi in tafi bankin ko in gama tukuna?", ka mayar masa da zaɓin, ya gani da idonsa cewa hannu biyu gare ka. Mai son komai ya fita ba aibi ko ɗaya ya yarda wani aikin in ya kai to ya kai. Mai son kaɗaici da aka tura neman kwastoma kasuwa-kasuwa da taget a wuyansa, ya san ba lalaci ne ke sa shi dawowa a wujiga-wujiga ba, aikin ne bai dace da shi ba, in da hali ya nemi a mayar da shi inda ake aiki da takarda da kwamfuta.

Abin da ba na so shi ne hanyar da samari da yawa suke bi, a sha ƙwaya don a jure. Kowa ya san yadda tiramadol ya shiga cikin masu aikin ƙarfi, kuma sai da ta kai gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Da yawa ba don nishaɗi suka fara ba, don a kai yamma ne. In barci ya ƙaurace maka makonni, ko ƙirjinka na bugawa ba dalili, ko ka ji ka tsani aikin da kake so a da, wannan maganar likita ce. Akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin ka haukace, duk da na san a garin nan sai ka ɓoye katin. Awon jini kuwa ko a kemis ɗin unguwa ana yi.

"Sai mu daina ɗaukar masu irin wannan halin"

Na ji wani manaja ya faɗi haka, wai shi yanzu masu taurin rai kawai yake nema. Allah ya ba da sa'a. Mai damuwar nan da kake gudu shi ne yake sake ƙirga kuɗi, shi ne yake gane alat ɗin bogi kafin a fita da kaya, shi ne yake komawa ya duba ko an kashe janareto. Cika shagonka da waɗanda ba abin da ke damunsu ka ga yadda lissafi zai kasance a ƙarshen wata.

Sannan akwai iyakar da taurin rai ba ya ceto. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto a 2021 cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda doguwar awar aiki, kuma mai yin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar jikinsa ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 in aka kwatanta da mai yin 35 zuwa 40. Yanzu ku lissafa yaron da ke fita takwas na safe ya dawo bayan magariba, kwana shida ko bakwai a mako, a Kwari ko Singa ko Farm Center, ko mai aikin kamfani a Sharaɗa da Chalawa da ke yin awa sha biyu a tsaye. Ya wuce 55 ɗin tun ranar Alhamis ko Juma'a. Ita hukumar ma da ta sa ƙonewar ma'aikaci a kundinta a 2019, cewa ta yi abu ne da ke fitowa daga matsin wurin aiki da aka daɗe ba a magance ba, ba ta ce aibin mutumin ba ne.

"Ni ma maigidan a matse nake"

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, haya, wuta, dako, kuɗin mota, ciniki kuma ya ja baya, mai shago da yawa shi ma ba ya barci, wani ma jininsa ya fi na yaron hawa, yana dai ɓoyewa ne a cikin babbar riga. Ba zan ce ya ninka albashi ba alhali ya san ba shi da shi, mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa hannu a kai a 2024 ma wurare nawa ne masu zaman kansu suke biya?

Amma yawancin abin da ke cin ma'aikaci ba kuɗi ake kashewa a gyara shi ba. Ka gaya wa mutum aikinsa ya san inda ya fara da inda ya ƙare. In za ka yi masa faɗa ka ja shi gefe, kada ka tsinka shi a gaban kwastoma da ƙannensa, wani zai manta kafin la'asar amma wani zai shekara yana jin muryarka. In ka ce ranar talatin za ka biya to ka biya, ko ka faɗa masa tun da wuri cewa za a makara, rashin sanin ranar ya fi ƙarancin kuɗin tayar da hankali ga mai iyali. Saƙon da zai iya jiran safiya ka bar shi sai safiya, in kuma dole ne ka rubuta dalilin a ciki. Ka kuma riƙa duba wa kake yawan kira, in ka ga suna ɗaya ne kullum a bakinka to ka san inda nauyin shagon yake kwance, ko da shi bai taɓa buɗe baki ba.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikacin da ya shekara yana aiki hutun aƙalla kwana shida da albashinsa. Kwana shida fa, a shekara guda. Na san da wuya ka samu yaron shago da ya taɓa jin labarinta, kuma ba na sa ran wani jami'i zai shigo kasuwa ya tilasta ta, tsarin namu na maigida da yaro ne ba na takarda ba. Amma kasuwannin nan suna da shugabanni da ƙungiyoyi, suna iya zama su tsayar da kuɗin gadi da na shara kowa ya bi, suna iya rufe kasuwa gaba ɗaya in wani babban abu ya taso. In sun ga dama za su iya tsayar da cewa kowane yaron shago yana da yini ɗaya a mako, a yi karɓa-karɓa tsakanin yaran, shago bai rufe ba ciniki bai tsaya ba. Mai bakin magana dama yana karɓar nasa hutun da kansa ko an ba shi ko ba a ba shi ba, mai karar ne ba zai taɓa samu ba sai an mayar da shi doka.